Gola da Surukinsa

Ni dai ban taɓa son ƙwallo ba, har yau kuma ban ga abin da magidanta masu gemu suke gani a guje-guje bayan fata ɗaya ba. Akwatin magani ne ya riƙa kai ni filin nan na Wheaton kowace Asabar. A tsakiyar shekarun tamanin ina makarantar koyon aikin nas, sai babana ya yanke hukunci shi kaɗai cewa tunda na iya ɗaure ciwo, to ni ce likitar kulob. Ba a tambaye ni ba. A saka ni a bayan mota tare da kular ruwa da jakar riguna, a sauke ni a benci, in zauna ina kumbura har a tashi.

Babana yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Da ƙuruciyarsa ya buga baya a ƙungiyar wani kamfanin kuza a Jos, bai kuma bar kowa ya manta da haka ba. Lokacin da nake ba da labari ya haura arba'in da kyau, ga furfura ga tumbi, amma shi ne kyaftin, shi ne kuma mai tsayawa a tsakiyar baya, daidai gaban gola. Babu mai iya ce masa ya zauna. Mu biyu kaɗai muka zo ƙasar nan ta Amurka. Mamana ta rasu a wurin haihuwar ƙanena, jaririn ma bai zauna ba, tun daga nan babana ya zama uwa da uba, da kuma ɗan sanda in ta kama.

Kulob ɗin tarkace ne. Akwai ɗalibai, akwai direbobin tasi, akwai wasu 'yan Nijar biyu masu aiki a sashen Hausa na gidan rediyo, waɗanda in aka taka su sai zagin ya fito da Faransanci. Muna karawa da sauran baƙi irinmu, Habashawa da 'yan Koriya na Annandale da mutanen Kudancin Amurka. Yawanci mu ake ci.

Kocin ba mu muka nemo shi ba. Wani dattijon Bature ne mai aikin zuba kankare, wanda kamfaninsu ke gyaran hanyar masu tafiya a ƙasa kusa da filin. In sun tashi aiki ranar Asabar sai ya zo ya jingina da waya a bayan ragarmu, da takalmansa duk busasshen siminti, yana shan taba yana kallo. Ba ya kallon wasan, golanmu kawai yake kallo. Wata rana ana tsakiyar wasa ya yar da tabar, ya tsallako, ya kama golan a kafaɗu ya matsar da shi gaba kaɗan, ya koma wurinsa. Alƙalin wasa ma sakin baki ya yi. Ƙwallon da aka bugo bayan haka, a ƙirjin golan ta ƙare.

Ashe ɗan Fotugal ne, kuma tsaron raga shi ne sana'arsa ta fari. Hannunsa ya isa shaida. Babu yatsa ɗaya da ke tafiya miƙe, kowanne ya karye ya warke yadda ya ga dama. Turancinsa guntu-guntu ne, namu ma a lokacin ba wani abin alfahari ba ne, sai muka fahimci juna. Babana ya ba shi kujerar koci a ranar, da sharaɗin da bai faɗa ba amma kowa ya ji: a horar da kowa, ban da kyaftin.

Golan nan da aka matsar shi ne mijina. Bahaushen Wusasa ne, dogo, yana karatun injiniya, kuma tarbiyyar gidansu ta zauna masa har ƙashi. Tun yana nemana, in ya ga babana a wurin ajiye motoci sai ya cire hula ya durƙusa a kan kwalta ya gaishe shi, Amurkawa suna wucewa suna waiwaye. Da muka yi aure abin sai ya ƙaru. Ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa. In an tafi hutun rabin lokaci na raba lemo, sai ya karɓi nasa ya juya baya ya sha. Ina yi masa tsiya a kan haka, amma gaskiya ina jin daɗin abin a raina.

Koci ya ƙaunaci mijina ƙauna ta gaske. Ya koya masa yadda ake faɗuwa a gefe ba a kan gwiwar hannu ba, ya riƙa jiƙa ƙwallo a bokiti yana jefa masa don ya saba da santsi. Ya koya masa cewa in an ɗago ƙwallo sama zuwa gaban raga, gola ba ya jira, fitowa yake ya tashi sama da gwiwa ɗaya a ɗage don ya kare cikinsa. Duk ya ɗauka kamar ruwa. Abu ɗaya ne ya gagara.

Koci ya ce golan da zai fito dole ya yi tsawa tukuna, don mutanensa su ba shi hanya, saboda su ƙwallon suke kallo, ba sa ganin abin da ke tahowa daga bayansu. Ya zo benci ya tambaye ni kalma mafi gajarta a harshenmu da ake cewa mutum ya ba da wuri. Na ce masa "kauce". Ya juya ta a bakinsa sau da yawa, ya ce ta yi. Aka gwada. In ɗan Nijar ne a gabansa, mijina ya daka ta har tsuntsaye su tashi daga bishiya. In ɗalibi ne, haka. Da aka ɗago ƙwallo babana na ƙarƙashinta, sai muka ga mijina ya taho a guje ya rage gudu, ya ce a hankali, "Baba, don Allah a ɗan bar mini."

Mutane suka zube a ƙasa don dariya. Ni har da hawaye. Babana ma ya riƙe ciki. Na juya in ga ko Koci ya gane abin dariyar, sai na ga fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon su biyun kamar mai kallon mota na gangarowa babu direba. Nan take na daina dariya.

Koci ya fara da neman mayar da babana gefe, nesa da gola. Babana ya ce shi tun kafin a haifi rabin 'yan kulob ɗin nan yake tsakiya, kuma a tsakiya zai yi ritaya. Amma da ya ga dattijon ya damu, sai ya tara kowa ya kira mijina. Ya ce, "Kai, yaron nan, saurara. A cikin fili babu suruki. Na ba ka izini a gaban shaidu, ka daka mini tsawa yadda kake daka wa kowa."

Mijina ya durƙusa, idonsa a kan ciyawa, ya ce, "To, Baba."

Asabar ta gaba ma haka aka yi, "a ɗan bar mini".

Koci ya ba ni labarinsa wata rana da ruwan sama ya tsayar da wasa, kowa ya gudu mota, mu biyu muka rage a ƙarƙashin rumfar benci. Na gama yi masa bayanin kunyar surukai ke nan, ina ta ƙawata abin kamar mai tallar al'ada. Ya saurare ni har na gama. Ya ce su ma suna girmama surukai, amma ba a gaban raga ba. Daga nan ya ci gaba, yana kallon ruwan.

A wani garin masunta aka haife shi. Shi da abokinsa, ɗan maƙwabtansu, tun suna yara suke buga ƙwallo a kan yashin bakin teku, shi a raga, abokin a gabansa. Tare aka ɗauke su a ƙungiyar garin, tare wata babbar ƙungiya ta saye su, ɗaki ɗaya suke kwana in an yi tafiya. Ya ce bai taɓa yi wa abokin nan tsawa ba, don babu buƙata. In ya fito, abokin ya riga ya sani, kamar yadda ƙafar hagu ta san inda ta dama za ta. Har ranar da bai sani ba. An ɗago ƙwallo, shi ya fito da gwiwa a ɗage, abokin yana ja da baya yana kallon sama.

Bai mutu ba. Ya rayu shekaru a kan kujera kusa da taga, ba magana, ba tafiya. Koci yakan je ya aske masa gemu duk ranar da ba wasa. Matar abokin sau ɗaya kawai ta yi masa magana a kai, a ƙofar gida, ta tambaye shi me ya hana shi buɗe baki.

Ya ci gaba da tsaron raga bayan haka, amma ƙafarsa ta ƙi barin layi. Golan da ba ya fitowa kuwa ba ya daɗewa, sai ya riƙa gangarowa daga ƙungiya zuwa wadda ba ta kai ta ba, har ya ajiye safar hannu ya zama koci. Ya horar da ƙananan ƙungiyoyi da yawa, ya taɓa hayar da ɗaya zuwa rukuni na sama aka ɗauke shi a kafaɗa aka zaga gari da shi, shekarar da ta biyo kuma aka sallame shi. Ya ce duk inda ya je an san shi da abu ɗaya, gololinsa sun fi na kowa baki. Da abokin ya rasu, sai ya ji ƙasar ta yi masa ƙunci. Ya biyo 'yar'uwarsa zuwa Annandale, yana kwana a ɗakin ƙasa na gidanta, yana zuba kankare.

"Na rantse ba zan ƙara shiga fili ba," in ji shi. "Sai na ga mijinki ya fito shiru."

Daga ranar ban ƙara dariyar "a ɗan bar mini" ba.

Sai Koci ya fito da wata dabara. Bayan kowa ya watse yakan tsayar da mijina, ya ɗauki rigar babana daga jakar wanki ya saka, ya tsaya a wurin babana ya juya baya. Ga furfura iri ɗaya, ga faɗin kafaɗa kusan ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan Nijar ya riƙa ɗago ƙwallo, mijina yana fitowa. Da farko ko rigar ma ya kasa yi wa tsawa. Koci ba ya kaucewa in bai ji tsawa ba, sai dai a yi karo, kuma an yi, dattijon ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya koma ya tsaya. Ina ganin tausayin tsohon ne ya fara buɗe wa mijina baki. Mijina ya koma yana gwadawa a mota, gilashi a rufe, a kan hanyarsa ta zuwa makaranta. Ya dawo gidanmu na Lanham murya a dishe, in ce masa sannu da aikin banza, ya yi murmushi ya sha ruwan zafi.

A lokacin ina da cikin fari, ya kuma tsufa. Babana ya bi ya hana kansa sukuni, ya hana ni. Kullum sai ya bugo waya ya tambayi ƙafafuna sun kumbura ko ba su kumbura ba. Ya sayo mini kujera mai naɗewa da lema don filin, ya ce benci ya yi tauri. Na ce masa ni fa nas ce, ya ce uwata ma ai a hannun nas-nas ta tafi. Ban ƙara musu da shi ba.

Ranar da abin ya faru rana ce mai kyau, irin ta farkon zafi, ciyawa ta yi shar, yara suna wasa a ɗaya filin. Da Habashawa muke. An kusa tashi, aka ba su bugun kusurwa. Ƙwallon ta tashi sama sosai, ta taho gaban raga, babana yana ja da baya a ƙarƙashinta. Na ga mijina ya bar layi.

"Kauce!"

Ban taɓa jin wannan muryar daga bakinsa ba, ban kuma ƙara jin ta ba. Ta cika filin. Da wuri ya yi ta, akwai lokaci, taki ɗaya gefe ya isa. Babana ya tsaya cak. Ya sauke kansa daga kallon ƙwallon, bai waiwayi gola ba, ya juyo gefen benci yana nemana. Idonsa ya same ni a kan kujerata ƙarƙashin lema. Na ga tsoro a fuskarsa, na ga kuma tsoron ya fara saki da ya gan ni zaune lafiya. A nan gwiwar ta same shi a gefen kai.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa ƙwarya a wani ɗaki. Ban san yadda na isa wurin da cikin nan ba. Na tuna ina cewa kada kowa ya ɗaga shi, na tuna jini a kunnensa, na tuna mijina a durƙushe da ƙwallon har yanzu a rungume, ya kasa sakinta. Na ɗago kai ina neman wanda zai je ya kira motar asibiti, sai na hango Koci. Bai motsa daga bakin layi ba. Hannayensa a sake, bakinsa yana motsi, babu sauti.

An yi wa babana aiki a kai. Ya tashi, amma idon hagu ya tafi, harshensa ya yi nauyi, hannunsa kuma ya daina riƙe kwalbar gwaji, aikin ma ya bari. Da magana ta fara dawo masa, abin da ya fara nema shi ne a kira masa mijina, wanda kwana da kwanaki yake zaune a barandar asibitin ya ƙi shiga. Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa.

Babana ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ba laifinka. Ni na juya. Da na ji muryarka haka, ban tuna da ƙwallo ba. Na ce yaron nan ba zai ɗaga mini murya ba sai in wani abu ya sami 'yata."

Mijina ya ce, "To, Baba."

Na haifi ɗiya mace lafiya lau, ba a ko sha wahala ba. Muka dawo da babana gidanmu. Mijina bai ƙara taka fili ba, muryarsa kuma ta koma ciki ta zauna. Yaranmu sun tashi ba su san yadda tsawar uba take ba, suna ganin halinsa ne. Akwai ranar da 'yar nan, tana fara tafiya, ta nufi titi mota na tahowa. Yana ganinta, bai kira ta ba. Ya ruga da gudu, shiru, ya sure ta a bakin kwalta. Na yi masa faɗa ranar kamar zan ci babu.

Koci bai zo asibiti ba, ni kuwa na riƙe shi a raina. Na ce ga mutumin da ya tayar da abin nan, ya saka rigar ubana ya koya wa mijina, yanzu ya ɓuya. Sai wata Lahadi bayan mun dawo daga coci, jaririya tana da 'yan makonni, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, cikin kwat da ta yi masa yawa, ya rame. Fushin da na tanada ya ƙi fitowa. Ya zauna kusa da babana. Babana ya yi ƙoƙarin yi masa wasa, ya ce yanzu dai dole ya yarda a sa shi benci. Koci ya yi ƙoƙarin dariya. Ya ƙi karɓar jaririyar da na miƙa masa, ya nuna mini yatsunsa ya girgiza kai. Mijina ya gaishe shi ya shige ɗaki.

Na raka shi har motarsa, wata tsohuwar a-kori-kura mai ƙurar siminti. Ya buɗe ƙofa, bai shiga ba.

"Ya yi tsawar," in ji shi. "Ba kunnena ne ya yaudare ni ba."

"Ya yi, Koci."

"Da wuri?"

"Da wuri. Har 'yan ɗaya filin sun juyo."

Ya daɗe yana kallon sitiyari. Ya ce duk shekarun nan da abu ɗaya yake tashi, cewa da ya buɗe baki da abokinsa ya tsufa a kan ƙafafunsa. Abu ne mai nauyi, amma ya san shi, ya san inda zai ɗora shi a wuya. A kansa ya horar da kowane golan da ya taɓa shiga hannunsa. Yanzu ya ga an buɗe bakin, da ƙarfi, a kan lokaci.

"Ke kina wurin, kin gani," ya ce. "Ki gaya mini. Da na yi tsawa, da abokina ya kauce, ko da ya juyo ya dube ni?"

Na duba fuskarsa in gane wacce amsar yake so, ban gane ba. In na ce da ya kauce, na mayar masa da kayansa. In na ce da ya juyo, na gaya masa ke nan cewa rayuwarsa duka ya yi ta a kan abin da ba zai hana komai ba, kuma a kansa ubana ya rasa ido. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, nono yana zuba a rigata. Sai na faɗi abin da muke faɗa. Na ce, "Haka Allah ya tsara, Koci."

Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa a hankali, don shi ma mai zuwa coci ne. Ya ce, "Ba Allah ne a raga ba ranar nan, 'yata. Ni ne."

Ya shiga ya tafi. Ban ƙara ganinsa ba. Wani ya ce ya koma garinsu, wani ya ce yana nan yana zuba kankare a wata jiha, ban bi diddigi ba, tsoro nake ji ya sake tambayata. Kulob ɗin ya watse kafin sanyi ya shigo. Babana ya yi shekaru masu yawa tare da mu, yana goyon jikoki, yana juya kansa gaba ɗaya in zai kalli mutum.

Na yi aikin nas har na gaji, a wuraren da ake ƙwala kira dare da rana, kuma na iya aikina. Amma har yau in aka daka mini kira daga baya ba zato, a kasuwa ko a bakin titi, ban san in kauce ko in juya ba. Sai in tsaya cak a inda nake, in jira abin da ke tahowa.